Mai Jera Kujeru

Ni ke jera kujeru.
Arba'in nake jerawa duk daren Laraba,
ko da na san ashirin da biyu za su zo,
da uku in Nesta ta samu mai ɗauko ta.

Ruwa na dukan rufin zauren,
kamar yadda ya saba a tsaunukan Wales,
rufin da kakanninmu suka tsaga daga cikin dutse
falle-falle, shuɗi mai duhu,
suka rufe ɗakunan mutanen da ba su sani ba
alhali nasu na yoyo.

Idwal ya shigo da kwalin takalmi a hammata.
Shekara talatin da huɗu yana raba wasiƙu,
ya san ƙofar da ke da kare,
da mai bashi,
da mai jiran ɗan da ba zai rubuto ba.
Da gwiwa ta ce masa ya isa haka,
sai ya koma raba wa gari labarin kansa.

Ya ce yau zancen babban rami ne,
shekarar da dutse ya zaftare.
Ya ce Talata ce, da hantsi.
"Alhamis," in ji Nesta daga can baya,
ba ta ko ɗago daga saƙarta ba.
"Uwata na shanya ta ji ƙarar,
ta saki zanen gado a cikin laka."
Idwal ya zaro fensir daga bayan kunne,
ya soke Talata.
Haka muke a nan:
mai magana ɗaya, masu gyara ashirin.

Sai ya haska hoto a bango.
Maza goma sha ɗaya, huluna a karkace,
ƙura ta yi musu furfura tun kafin lokaci.
Ya bi su da sanda yana kiran suna,
kowane suna da mai amsawa a zauren:
wani ya ce kawuna, wata ta ce maƙwabcinmu,
wani ya ce har gobe gidansu na riƙe da tsaninmu.
Da sanda ta kai kan yaron da ke gefe
sai ta tsaya.
"Wannan na tambayi coci, na tambayi littafin albashi,
na tambayi duwatsun maƙabarta.
Shiru."

Akwai wata a bakin ƙofa, rigarta na ɗiga.
Ba don mu ta shigo ba,
bas take jira, ruwa ya koro ta.
Ta ce, "Ku ɗan ƙara girmansa."
Na murɗa na'ura, yaron ya cika bango.
Kunnensa na hagu a lanƙwashe
kamar gefen takardar da aka yi wa alama.

Ta kawar da gashinta.
Gani ya kori ji.

"Gethin ne, wan kakata.
Shi aka aika gari ya faɗa wa mata.
Ya zo har bakin gada, ya hango shanya,
bakinsa ya ƙi buɗuwa.
Ya bi hanyar teku da ƙafa.
Ba a sake ganinsa ba,
ba a kuma daina ajiye masa cokali ba."

Allurar Nesta ta tsaya.
Ta ce, "Ashe an aiko."
Shekara tamanin tana zaton
ba wanda ya tuna da su a ranar.

Bas ta zo, ta yi oda sau biyu, ta wuce.
Shayi ya huce a buta, ba wanda ya tashi.
Idwal ya juya hoton,
ya tambaye ta yadda ake rubuta sunan,
ko da ya sani sarai,
don dai ta faɗa da bakinta.

Na kashe fitilu, na tara kujeru huɗu-huɗu.
Wadda ta zauna a kai har yanzu da danshi.
Na bar ta inda take.